Minti Huɗu Ba Magana

Ba wanda yake kiransa da sunansa na gaskiya, har yayarsa. Rediyo ake ce masa tun yana aji uku, ranar da malaminsu ya gaji ya ce don Allah a duba masa inda ake kashe yaron nan. Ba a samu wurin ba, sunan kuwa ya bi shi har ya fara furfura.

Bakinsa ba ya hutawa. In ya shiga motar haya, kafin a kai tasha ya san 'ya'yan direba nawa ne da abin da ke damun gwiwar kwandasta. Mai irin wannan baki ko ya zama ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, amma shi sai rabo ya kai shi wani ɗan ɗaki a saman shagon gyaran waya, inda ake fassara finafinan ƙasashen waje. Shekararsa goma sha ɗaya ke nan a ciki.

Ɗakin taku uku ne a tsaye, biyu a kwance, ba taga. An manne bangon da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Akwai fanka, amma ba a kunna ta in ana ɗauka, don makirufo yana kama ƙararta, sai mutum ya zauna yana dahuwa a cikin rigarsa. Gabansa allon kwamfuta ne, gefensa gilashi, bayan gilashin kuma Injiniya, wata mata mai tabarau da take haɗa sauti. Shekara goma sha ɗaya yana zuba mata barkwanci a kunne, ko sau ɗaya bai taɓa ganin haƙorinta ba.

Yadda yake aiki shi ne abin alfaharinsa: ba ya kallon fim kafin ya fassara shi. A kunna kawai. Yana karanta rubutun da ke gudu a ƙasan allo yana juya shi nan take, shi ne jarumi, shi ne budurwa, shi ne tsohuwa, in kare ya yi haushi ma sai ya gaya maka abin da karen yake nufi. Me zai kalla? Manaja, mai wurin, ba ya sayo fim sai wanda kowa ya ƙi, mai arha, wanda jininsa ya fi kama da jan fenti. Aikin Rediyo ya zuba wa fim gishirin da masu shi suka manta. Yakan ce fim mai kyau ba ya buƙatarsa, shi likitan marasa lafiya ne.

Doka ɗaya ce a wurin, Manaja ya rubuta ta a takarda ya manna a jikin gilashi: kada a yi shiru ya wuce sakan uku. Da daɗewa wani mai tura finafinai a waya ya taɓa dawo musu da fim, wai sautin ya lalace a tsakiya, alhali jarumin ne yake tunani. Tun daga ranar, in Rediyo ya tsaya haɗiyar yawu, sai Injiniya ta ƙwanƙwasa gilashi ta ɗaga masa yatsu uku.

Ya taɓa kusan fita daga ɗakin nan. Shekara shida da suka wuce wani gidan rediyo a wani gari ya ji muryarsa ya neme shi. Har ya sayi jaka. A satin ne mahaifinsa ya faɗi a banɗaki, aka ɗauko shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Jakar tana nan a saman kwaba har yau, Yaya tana ajiye tsofaffin zannuwan gado a ciki.

Baba mai gyaran agogo ne a da, mutumin da zai wuni bai yi jimla biyar ba, har ana tsokanarsa wai ɗansa ne ya kwashe masa rabonsa na magana. Yanzu Yaya ce take zama da shi daga safe, ƙarfe huɗu ta miƙa wa Rediyo shi ta koma wajen 'ya'yanta. To haka rayuwarsa take: ya fito daga ɗakin da ba taga, ya shiga ɗakin da tagarsa take kallon katangar maƙwabta. Ya yi wa Baba wanka, ya aske masa gemu, ya juya shi, ya ba shi shayi da cokali, kuma duk yana yi yana zuba. Ya kwaikwayi Manaja, ya kwaikwayi mai gyaran waya, ya yi tambaya da muryarsa ya ba kansa amsa da muryar Baba. Yaya takan ce, "Kai dai ko majinyaci ba ka ragawa."

Ba rashin tausayi ba ne, tsoro ne. In ya yi shiru a ɗakin nan yana jin numfashin tsohon, yana ganin idanunsa a kansa, kuma bai san abin da idanun suke cewa ba. Shi da yake fassara haushin kare, ya kasa fassara kallon ubansa. Wannan abu yana cin ransa, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Wata Talata Manaja ya turo sabon fim. A hoton tallarsa wani kore-koren dodo ne ya buɗe baki, haƙoransa ba su daidaita ba, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Rediyo ya yi dariya har da buga cinya. "Injiniya, yau akwai aiki. Wannan ko yaran goye ba zai tsorata ba."

Aka kunna. Dodo ya fito daga wani tafki yana tafiya kamar mai ciwon baya, ga zif a bayansa ɓaro-ɓaro. Rediyo ya samu abin da yake so. Ya ce dodo ya manta bai biya tela ba, ya ce takalmin da ke leƙowa ta ƙasan ƙafarsa lamba arba'in da biyu ne. Ya yi minti ashirin yana yi wa fim tsiya son ransa.

Sai dodon ya shiga wani ɗan ɗaki, ya kama kansa da hannu biyu ya cire. Ashe mutum ne, magidanci, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ashe tafkin na wurin wasan yara ne, aikinsa ke nan, ya sa rigar roba ya fito yara su yi ihu. Ashe masu fim ɗin sun san da zif, da gangan suka bar shi. Rediyo ya ji kunya irin ta wanda ya daɗe yana zagin mutum sannan ya gano yana jin yarensa.

Mutumin ya tafi gida da kan dodon a cikin buhu. A gida akwai tsohuwa a gado, uwarsa, ƙwaƙwalwarta ta tafi. In ya shigo da fuskarsa sai ta tsorata, ta juya wa bango, ta ƙi cin komai. In ya sa kan dodon sai ta yi dariya ta buɗe baki. Saboda haka kullum da kan dodo yake ba ta abinci, yana rawa, yana gurnani, ba ta san ɗanta ne a ciki ba.

Barkwancin Rediyo ya fara tsinkewa. Yana faɗin abin da aka rubuta kawai, ba ƙari. Sau biyu Injiniya ta ƙwanƙwasa gilashi.

A ƙarshen fim aka rufe wurin wasan, masu shi suka karɓe rigarsu. Mutumin ya dawo gida hannu rabbana. Ya zauna a bakin gadon da kwano da cokali, da fuskarsa ta gaskiya. Ba kiɗa, ba rubutu a ƙasan allo. Ta dube shi, ya dube ta. Ya ɗebo a cokali ya miƙa mata. Minti huɗu cur aka yi a haka, sannan tsohuwar ta buɗe baki a hankali. Fim ya ƙare.

Rediyo bai ce uffan ba a minti huɗun nan. Injiniya ma ba ta taɓa gilashi ba.

Washegari Manaja ya kira shi ofis. Ba mugu ba ne, mutum ne mai tumbi da hawan jini da ma'aikata shida a wuyansa. "Na kalla," in ji shi. "Wallahi fim ne, ni ma sai da na kira tsohuwata bayan na gama. Amma ka san mutanenmu. Minti huɗu? Cewa za su yi waya ta lalace."

"Yallaɓai, wurin nan ba ya son magana. Duk fim ɗin don shi aka yi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa roƙonka komai ba, ka bar mini minti huɗun nan."

"Kai ake saye, Rediyo, ba fim ba. Wanda ya ga hoton dodon nan ya taɓa aljihunsa, dariya ya zo nema." Ya juya wayarsa a kan tebur. "Mutum biyu sun turo mini muryarsu a watan nan. Ban saurara ba tukuna. Kada ka sa in saurara."

Rediyo ya tuna maganin Baba da ya kusa ƙarewa, ya tuna jakar da ke saman kwaba. Ya hau bene ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa.

Abin baƙin cikin shi ne bai taɓa aiki mai kyau irin na ranar ba. Ya sake rabin fim ɗin na ƙarshe gaba ɗaya. Da aka zo bakin gadon, ya ba tsohuwar murya a zuci, tana ƙorafin wannan baƙon ya fi dodon muni. Ya ba ɗan murya yana lallashi da dogon bayani, ita kuma tana katse shi: "Malam, cokali muke jira, ba lacca ba." Bai bar ko sakan ɗaya fili ba. A bayan gilashi dariya ta kufce wa Injiniya, karon farko a shekara goma sha ɗaya, sai ta rufe bakinta da sauri kamar ta yi abin kunya.

Fim ya karɓu fiye da duk abin da suka taɓa fitarwa. Cikin sati biyu maganar cokalin nan ta cika gari. Mai shayi yana faɗa wa mai surutu, fasinja yana faɗa wa direba, har Yaya ta faɗa masa rannan tana dariya. In ya ratsa titi sai a ɗaga masa hannu: "Rediyo! Cokali muke jira!" Shi ma ya ɗaga, ya washe baki. A ransa kuwa ji yake kamar ya tofa yawu a ruwan sha, ga mutane suna ta yi masa godiya.

Wata ranar Alhamis yana shirin tafiya gida Injiniya ta ce ya ba ta wayarsa. Ta jona ta da kwamfuta, ta dawo masa da ita ba ta dube shi ba. "Na farkon da muka ɗauka ne," ta ce. "Ban goge ba."

Ya karɓi Baba ƙarfe huɗu kamar kullum. Ya yi masa wanka, ya jingina shi da filo biyu, ya haɗa shayi ya ajiye ya huce. Dama yakan kunna masa finafinansa a waya, tsohon ya kalla, ba a san ko yana so ko haƙuri yake ba. Ranar sai ya jingina wayar da kwalbar magani, ya kunna wanda Injiniya ta ba shi, ya zauna a bakin gadon.

Suka kalli dodo da zif ɗinsa. Suka ji muryar Rediyo tana tsiya, tana raguwa, tana komawa fassara zalla. Rana ta sauka daga katangar maƙwabta. Aka zo wurin da mutumin ya zauna da kwano da cokali, wayar ta yi tsit.

Sakan uku ya iya jurewa. Numfashin Baba ya cika ɗakin, tsoron nan ya taso masa, bakinsa ya buɗe da kansa. "Baba, ka ga nan, ai ita tsohuwar cewa take..."

Hannun hagun tsohon, mai lafiyar, ya taso daga kan zanin gado a hankali, ya sauka a kan bakin Rediyo. Ba da ƙarfi ba. Tafin yana ƙanshin sabulun da ya yi masa wanka da shi. Baba bai ko dube shi ba, idonsa yana kan wayar, irin kallon da yake yi wa cikin agogo a da. Hannun bai ɗaga ba sai da tsohuwar ta buɗe baki.

Da fim ya ƙare Baba ya juyo ya dube shi, ya dubi kofin shayin. Shayin ya yi sanyi. Gobe ƙarfe takwas ɗakin kwalayen ƙwai yana jiransa, da takardar da ke jikin gilashi, ya san kuma zai je. Ya ɗauki cokali ya ɗebo, ya kai bakin ubansa bai ce komai ba. Baba ya buɗe baki ya sha.