Murhun Gidan Kawu

Abin da na fara gani da na shiga gidan Kawu a Gumel shi ne kaza kwance a cikin murhu. Ta baje tsakanin duwatsun nan uku, ta lumshe ido, ko motsi ba ta yi ba da na wuce da ƙunshin kayana a ka. Na tsaya ina kallonta. A ƙauyenmu, can bayan Gagarawa, kaza ba ta isa ta kwanta a murhu ba, domin ko an sauke tukunya, toka tana nan da ɗuminta har wayewar gari. A nan kuwa babu toka, babu ko guntun itace, sai yanar gizo-gizo a saman rumfar. Tun kafin a gaya mini komai na san an daɗe ba a hura wuta a gidan nan ba.

Shekarar fari ce, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Makarantar ƙauyenmu ta tsaya a aji huɗu, ni kuwa na gama shi. Malaminmu ya yi ta zuwa wurin Babana yana cewa kada a bar ni haka, har Innata ta ce a kai ni wurin yayanta a Gumel, in yi aji biyar, in kuma riƙa yi wa Kaka ’yan aikace-aikace. Ni dama ba mai magana ba ce. Ko a aji, in na san amsa sai in rubuta ta a tafin hannu da yatsa, in bar wata ta faɗa. Amma ina son makaranta irin son da ban san yadda zan gaya wa kowa ba.

Mutum biyu na tarar a gidan. Kawu direban babbar mota ne, yana ɗaukar gyaɗa in an yi kaka, ran Alhamis kuma ya ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari. Sai Kaka, mahaifiyarsu shi da Innata, wadda yanar ido ta rufe mata gani har ba ta bambanta mutum da inuwarsa. Matar Kawu ta rasu wajen haihuwa a shekarar da ta gabata, ita da jaririn. Ɗakinta na nan a kulle da kwaɗo, da tukwanenta da kwanoninta duka a ciki. Ka san yadda ake yi in an yi rasuwa: maƙwabta ne ke kawo abinci a kwanakin zaman makoki, ba a ɗora tukunya a gidan. To, a gidan Kawu makoki ya watse, maƙwabta suka daina kawowa, amma ba a sake ɗora tukunya ba.

Saye ake yi. Da safe in ɗauki kwano in shiga gidan Iya, wata tsohuwa da katangarmu ɗaya, in sayo koko da ƙosai. Da rana, in na dawo daga makaranta, in koma in sayo ɗanwake. Da magariba Kawu ya shigo da tuwo daga tasha a cikin langa. Da farko murna na yi. A gida sai ran kasuwa muke ganin ƙosai, nan kuwa kullum. Har na riƙa jin kamar na zama ’yar birni.

Ƙosan ne ya fara nuna mini halin da ake ciki. Lokacin da na zo, guda ɗaya yana cika mini tafin hannu. Kafin watanni su yi nisa ya koma kamar ƙwan zabuwa, daga baya kamar goro. Man da Iya ke zuba wa ɗanwake ya koma ɗigo. Malmalar tasha kuwa ta riƙa shigowa da faɗi babu kauri, an danne ta don ta cika ido. Damina ta zo ta wuce ba a ga ruwan kirki ba. Gyaɗa ba ta yi ba, saboda haka motar Kawu ta riƙa kwana a tasha, ba ta motsi sai na Maigatari. Mutanen arewa suna ta shigowa gari da raƙuma da jakuna, ƙashin haƙarƙarin dabbobin a fili. Na lura Kaka ta fara rage ƙosanta tana turo mini, tana cewa haƙorinta ne ke ciwo. Ba ta da haƙorin da zai yi ciwo.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani game da gidan nan. Kawu ɗan fari ne. Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, ba ta fuskantarsa da magana, ba ta tambayarsa komai kai tsaye. In ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon gefe. In tana son a gyara mata zana, sai ta gaya wa zanar. Haka mutanen da suke, kunya ce, ba ƙi ba. Na sha ganin ta kasa kunne wajen ƙofa ran Alhamis, carbi ya tsaya a hannunta, har sai ta ji takunsa a zaure sannan ta ci gaba da ja.

Wata la’asar ina bayan ɗaki ina wanke rigar makaranta, na ji Kawu ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka.

“In an yi hutu zan mayar da yarinyar nan gida,” ya ce. “Baki uku a hannun masu sayarwa ya fi ƙarfina yanzu.”

Sai na ji Kaka ta ce da bango, “Wai ni kam, hatsi ne ya ƙare a kasuwar garin nan, ko itace?”

“Tukwanen na gado ne. Sai dangin marigayiya sun zo daga Damagaram an raba.”

Ya tashi ya fita. Ni kuwa na zauna da rigar a hannu har kumfa ta bushe a yatsuna. Na san abin da komawa gida take nufi. Rijiyarmu ta ƙafe, ’yan mata tun asuba suke tafiya neman ruwa. Wadda aka mayar gida a irin wannan shekara, ba mai sake tuna allonta na boko.

“Ke ’yar ƙauye, na ji numfashinki,” in ji Kaka. “Zo nan.”

Na je na zauna a gefen tabarmarta.

“Tukunyar ƙasa ba ta fi ƙarfinsa ba. Hayaƙi ne ba ya so ya gani a wurin nan, ba matarsa a gindinsa. Abin da yake miƙa wa masu tuwon tasha a dare ɗaya, in hatsi aka auno da shi sai mu ci yau mu ci gobe, har a yi ɗumame. Ya sani. Ni ce dai ba ni da bakin gaya masa.”

Ta laluba ƙarƙashin gadonta na kara, ta jawo wani ɗan buhu. Na gane shi. Geron da Innata ta kankaro daga gindin rumbu ne ta ba ni in kawo tsaraba. Ashe duk watannin nan yana nan.

Ran Laraba Kawu ya tafi Maigatari, a can zai kwana. Da na dawo daga makaranta Kaka ta ce in je gidan Iya in aro tukunya, in ɗebo wuta. Sai da na tsaya a ƙofar gidan na fahimci abin da aka aike ni. Iya ba ta da miji, ba ta da ɗa a kusa. Da kwanonmu da na wasu gidaje ’yan kaɗan take ci. Ni ce zan shiga in ce ta ba ni abin da zan daina saye a wurinta da shi.

Tana zaune tana tsame ɗanwake. Ta miƙo hannu don karɓar kwano, ta ga babu.

“Yau kuma azumi kuke?”

Na sunkuyar da kai. Da ƙyar na ce, “Kaka ce ta ce a ara mana tukunya. Da wuta.”

Ta ajiye matsamin. Ta daɗe tana kallona.

“Iye! Watau ki kore mini kaza daga wurin kwanciyarta, ki kuma ɗauke mini ciniki, duk da tukunyata?”

Sai a ranar na san kazar tata ce. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Amma ta tashi, tana dafe da gwiwa, ta shiga ɗaki ta fito da tukwane biyu, babba da ƙarama, da muciya da maburgi. Ta zuba mini garwashi a fasasshen kasko, ta ɗora ƙullin daddawa a kan murfin ƙaramar.

“Ta miya ce wannan, tunda kakarki ta manta ba a tuƙa tuwo a sha da ruwa. Tafi. Ni ma na gaji da ganin gidan nan kamar kango.”

Ban ɗora komai a ranar ba, sai dai na hura ’yar wuta da kara don murhun ya sha ɗumi. Na surfa geron a tsohon turmin Kaka, na sheƙe, na wanke, na shanya. Da taɓarya ta fara sauka, sai na ji hirar matan gidan bayanmu ta tsaya cak. Wata ta leƙo ta kan katanga, ta koma. Jim kaɗan aka jefo mana ƙaramin daurin itace.

Washegari na daka gari na tankaɗe. Na iya daka tun a gida, amma ban taɓa tuƙa tuwo ni kaɗai ba. Kaka ta sa na shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu, ta zauna ta karkata kai. Da kunne ta koya mini girki.

“Bai tafasa ba, waƙa yake yi tukuna. Bari sai ya fara faɗa.”

Na zuba talge, ta ce in rufe. Ta shaƙi iska ta ce, “Janye itace ɗaya, kina ƙona mini gindin tukunyar mutane.” Da na fara tuƙi, muciya ta fi ƙarfina, na taka tukunyar da ƙafa kamar yadda na ga Innata na yi, hayaƙi na shiga mini ido, hawaye na zuba.

“Wannan tuƙi ne ko susa? Sa ƙarfi, ba amarya ba ce!”

Ta fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarta tun ina ƙarama. Na kaɗa kuka, na kwashe tuwon da mara, na rufe na Kawu, na ajiye a inda yake zama. Sannan tsoro ya kama ni.

Ana kiran magariba muka ji takunsa. Ya shigo zaure, sai takun ya tsaya. Ta ƙarƙashin asabari ina hango ƙafafunsa, da ƙurar kasuwar shanu a kansu, da gindin langar tuwon tasha a hannunsa. Hayaƙi bai gama fita daga tsakar gida ba. Ban san iya daɗewar da ya yi a tsaye ba, na dai san carbin Kaka bai motsa ba. Daga nan ya juya ya tafi masallaci.

Da ya dawo bai dubi murhu ba, bai dube mu ba. Ya zauna, ya ajiye langar a gefe. Ya buɗe kwanon da na rufe, ya zuba masa ido. Ya wanke hannu. Loma ta farko ta daɗe a bakinsa.

“Wa ya tuƙa?”

“Ni ce, Kawu.”

“Da gudaji.” Ya sake yankowa. Muryarsa ta yi ƙasa. “Ita ma na farkonta a gidan nan haka ya yi.”

Ya ci, yana ci yana goge fuska da bakin hannun riga, mu kuma muka yi kamar ba mu gani ba.

Yau gidan nan ya zama shaguna. Kaka da Iya da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na yi aji biyar, na gama firamare a Gumel, na wuce gaba, na kuma koyar da ’ya’yan wasu har ƙarfina ya ƙare. Jikokina in sun zo sai su aika bakin titi a sayo musu shinkafa a leda, ga gas ga tukunya a ajiye, su ce ba lokaci. Ba na yi musu faɗa. Sayen abinci ba laifi ba ne, da shi Iya ta rayu. Amma har gobe in na shiga gida, wurin girki nake fara duba, in na ga alamar an ɗora tukunya sai hankalina ya kwanta da mutanen gidan.

A wancan daren dai ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne hutu ya kusa, gero kuma saura kaɗan a buhu. Kawu ya suɗe hannu, yana shirin tashi. Sai na ji yatsan Kaka ya zungure ni a ƙafa. Ta yi iya nata. Abin da ya rage ba ta da bakin faɗarsa, ni ce ke da shi, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Na matsa na durƙusa a gabansa, idona a kan tabarma.

“Kawu, don Allah gobe kada ka sayo tuwon tasha. Ka auno mana hatsi da kuɗin, ni zan riƙa dafawa kullum in na dawo daga makaranta, kada ka mayar da ni gida. Amma kokon safe da ƙosai, don Allah a bar wa Iya.”