Ni da Kazar Inna a Ɗakin Hoton Ƙashi

Wata Talata a cikin bazarar da ta biyo bayan ba mu jiha, aka shiga da ni ɗakin hoton ƙashi na babban asibiti, ina goye a bayan Baba kamar buhun gero, kakata Inna tana biye da jar kaza a hammata. Mai gadi ya so ya hana kazar shiga, Inna ta ce masa ai ita ma majinyaciya ce. Ya kalli tabon ɗorin da ke ƙafarta, ya matsa gefe.

Mangwaro ne ya jawo. A lokacin, a unguwarmu Fadaman Mada, lambu ya fi gida yawa, aikina kuwa kai wa Baba fura gona da koro awaki da yamma. Makaranta sai dai in leƙa in ga ko an fito a yi langa. A aji uku na tsaya, shi ma benci ya fi ni sanin malamin. Rannan na hau bishiyar mangwaro har ƙololuwa don yara su ce na fi kowa, reshe ya ce bai san zancen ba. Na iso ƙasa da ƙafar hagu a karye.

Aka kira Malam Buba maɗori, wani dattijon Bafulatani da ya koyi ɗori a kan shanun mahaifinsa kafin ya taɓa mutum. Al'adarsa, in zai ɗora mutum sai ya karya ƙafar kaza ya ɗora su tare, da karan dawa da tsumma da man shanu. Ranar da kaza ta taka, mutum ma ya warke. Haka muka yi zaman jinya a ɗaki ɗaya, ni a tabarma, ita a akurki, muna harar juna. Da ta fara tone-tone a tsakar gida Inna ta rangaɗa guɗa ta ce in tashi. Na tashi, na zube. Gida kaf aka ce lamɓo nake don kada in koma wa awaki, kuma ban ga laifinsu ba, sun san hali. "Kaza ba ta ƙarya," in ji Inna, "kai kuwa da ita aka yaye ka." Baba ne ya miƙe ƙafafun nawa a tabarma ya ga ta hagu ta fi gajarta, ga kumburi bai saɓe ba. Sai ya juya mini baya ya ce in hau mu tafi asibiti. Inna kuwa ta ce ba a raba majinyaci da kazarsa.

Mai injin wani dogon mutum ne daga wajen Tafawa Ɓalewa, ana ce masa Malam Yohana. Ya gaya wa Baba injin sabo ne, har yanzu koyon halinsa yake. Kullum yana aika wa mahauta a sayo masa ƙafar saniya yana ɗaukar hotonta, don ya gane ƙarfin da ya dace da ƙashi mai kauri da siriri. Da ya ga kazar sai ya roƙi Inna ta bari ya fara da ita, bai taɓa ɗaukar tsuntsu ba, kuma in na ga ta fito da rai wataƙila in daina tara masa jama'a da ihu. Ya naɗe ta a zane, ya sa wata riga mai nauyi, ya kori kowa zuwa bayan bango. Faifan hoton farko ya fito baƙi ƙirin. Bai ji kunya ba, ya murɗa wani abu ya sake, sannan ya ɗauki tawa ƙafar. Ya shige wani ɗan ɗaki mai duhu, ya fito da faifai biyu suna ɗigar ruwa, ya ɗaga su a taga.

Na ga jirgin sama daga baya, na ga talabijin, babu wanda ya kai wannan. Ga tsakuwoyin da kaza ta haɗiye ana ƙirgawa, ƙashinta ya haɗe sumul. Nawa kuwa ɗaya ya hau kan ɗaya kamar itace a murhu. "Kaza ya warke," in ji Malam Yohana da irin Hausarsa, "yaro ne ba ta warke ba." Likita ya ce in aka ƙara jinkiri a haka zai kama, in yi ta ɗingishi har kabari.

Baba ya kai wa Malam Buba faifan, ina goye a bayansa, yana tsoron zai ji an raina shi. Tsohon ya ɗaga shi ga rana ya daɗe yana bin ƙashin da yatsa. Ya ce tun yana saurayi yake lalube da hannu, yau ga wanda ya kunna masa fitila a cikin nama. Sai ya juyo gare ni. "Kaza ta zauna inda aka ajiye ta. Kai ɗan nema, tun ranar farko kake mutsu-mutsu." Washegari shi da kansa ya raka mu asibiti, ya danne mini kafaɗu aka ja ƙafar, aka naɗe ta da filasta mai tauri da ko ni ban iya motsa ta ba.

Yanzu lambunan sun zama gidaje, ni kuma ina taka ƙafa biyu daidai, sai in hadari ya haɗo ta ɗan yi mini tsami. Kwanan baya na raka jikana aka ɗauki hoton hannunsa. Likita ya kalla a kwamfuta, yaron yana danna waya, ko ɗaga kai bai yi ya ga ƙashinsa ba. Ni kaɗai na miƙa wuya ina salati. Lafiya ta ƙaru, mamakin ne ya yi ƙaranci.