Katakai Uku a Bakin Dam

Mijin ƙanwata ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin akawu a ofishin rajistar filaye, kuma har yau da ya yi ritaya ba a kiransa da wani suna sai Akawu. A tsawon waɗannan shekaru ban ji an ce ya ɓatar da fayil ko ɗaya ba, ban kuma ji an ce ya karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Aikinsa buga hatimi ne, ya kuma tashi daga aikin da imanin cewa duk abin da aka buga wa hatimi ya gama zama gaskiya.

Da ya karɓi kuɗin sallama sai ya sayi gonar da ke saman unguwarmu, wadda ke da dam a cikinta. Ganuwar ƙasa ce da aka daɓe, tsayinta ya kai na mutum huɗu, ta tare wani rafi. A gefe guda an bar wa ruwa mafita da aka shimfiɗe da dutse, domin idan tafkin ya cika rarar ta bi ta nan, kada ta hau kan ganuwar. Taki ɗari biyu daga gindin ganuwar gidan mahaifiyarmu yake, shi ne na farko a layin. Inna ta haura tamanin, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ta kuma rantse ba za ta bar ɗakin da ta haife mu a ciki ba sai a makara.

Ni kuwa shekara ashirin da shida na yi ina aikin ƙasa, tun ina lebura mai ɗaukar kwano har na zama shugaban masu daɓe. Ganuwa irin wannan na sa hannu a guda bakwai. Karatu ne sai da na yi furfura na koye shi a ajin manya, wannan kaɗai ne abin da Akawu ya riƙe game da ni.

Shekarar farko ya zuba kifi. Shekara ta biyu ya lura ruwa yana ja da baya da rani, kifin yana takura, sai ya kira kafinta ya gicciya masa katakai uku masu kauri a bakin mafitar, ɗaya bisa ɗaya. Ruwa ya ƙaru da kamu biyu. Akawu ya dasa kujerar roba a kan ganuwar, yana zama da yamma yana kallon abin da ya kira dabararsa.

Hukuma takan aiko da sufeto sau ɗaya a shekara, da rani, bayan ta rubuto wasiƙa mako biyu kafin zuwansa. A nan ne gwanintar Akawu take fitowa. Zai cire katakan ya ɓoye su bayan buhunan abincin kifi, ya sa a yanke ciyawa, a shafa wa duwatsu farar ƙasa. Sufeto zai zo da takalmi mai sheƙi, ya taka saman ganuwar daga wannan bakin zuwa wancan, ba ya sauka gindinta domin akwai caɓi. Zai sha ruwan sanyi, ya sa hannu. Kafin motarsa ta hau babban titi katakan sun koma mazauninsu, takardar shaida kuma ta shiga gilashi a bangon falo.

A damina ta huɗu na ga ƙasa ta jiƙe a gindin ganuwar, ruwa yana tsattsafowa. Kowace ganuwar ƙasa tana zufa, wannan ba abin tsoro ba ne muddin ruwan garai yake. Amma idan ya fito a gurɓace, to jikin ganuwar yake kwasowa daga ciki. Na tara shi a kwalba, na ajiye awa guda, laka ta kwanta kaurin yatsa. Na ɗauki kwalbar na hau gidansa.

Na ce, "Akawu, ganuwarka tana cin kanta."

Ya nuna mini bango ba tare da ya tashi ba. "Yaya, karanta wannan tukuna. A hankali, ba sauri muke yi ba. In ka gamu da kalma mai wuya ka kira ni."

"Na karanta. An rubuta ta ne ranar da babu katako."

"Injiniya ya duba ya sa hannu, kai kuma ka zo mini da kwalbar man shafawa?"

Ƙanwata ta leƙo daga kicin. "Baban yara, ka saurari Yaya mana, aikinsa ne."

"Ke, koma kan tukunyarki. Maganar ilimi ake yi."

Washegari mai ilimi ya sayi siminti buhu biyar, ya sa aka liƙe wurin da ruwan ke fitowa, aka goge shi sumul kamar daɓen masallaci. Ko lebura ɗan wata uku ya san ba a toshe wa ruwa baki ta waje. Rage shi ake yi ta sama, a shimfiɗa masa yashi da tsakuwa ta ƙasa, ya fita ya bar ƙasar a ciki. Wanda ya toshe shi ya tura shi neman wata hanya ne. Kwana biyu ruwa ya ɓullo a wuri uku, launinsa kamar shayi da madara.

Na rubuta wa hukuma. Na kai wasiƙar da ƙafata, aka buga mata hatimi, aka ce mini lokacin duba madatsun ruwa bai yi ba, kuma sufeto yana taron bita. Na koma na ce wa Inna ta yarda in goya ta zuwa gidana.

Ta ce, "Ka goya uwarka saboda kifi? Kira mini surukin nawa."

Ya zo da hantsi, maƙwabta sun cika tsakar gida. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Inna ta ce, "Ɗan nan, an ce takarda ta ce babu komai."

"Haka ne, Inna. Ki kwantar da hankalinki."

"Madalla. To ni tsohuwa ce, tsoro ya yi mini yawa. Ka ɗauko shimfiɗarka da takardar, ka zauna ɗakin baƙi har damina ta wuce. In na ji motsi sai in kira ka ka karanta mini."

Ya ce, "Inna, ai da ke kika hau wurinmu, can akwai tudu."

"Au, ashe tudu yana da amfani? Ni da ba ni da ƙafa. Kai ke da ita."

Wata maƙwabciya ta toshe baki da mayafi tana ɓoye dariya. Babu surukin da zai ce a'a a gaban wannan taro, ko da ya fi Akawu ƙarfin hali, shi kuwa ba a taɓa zarginsa da shi ba.

Tagar ɗakin baƙi tana fuskantar ganuwar. Shekara huɗu yana kallon ruwansa daga sama, bai taɓa ganin abin da muke gani daga ƙasa ba. Ranar farko ya zo da rediyo da fara'a. Rana ta biyu aka yi ruwa tun azahar har la'asar, ƙanwata ta kawo masa abinci ta same shi tsaye a taga, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi. Da safiyar rana ta uku na buɗe ƙofata na gan shi, wando a naɗe zuwa gwiwa, idanu jajur.

"Yaya, kana da guduma?"

"Ta mece ce?"

"Katakan nan. Na yi nazari, na ga ya dace a cire su duka yanzu."

Na ce masa ba a cire su duka. Idan aka saki ruwa lokaci guda rafin zai cika ya shiga gidaje, ganuwar da ta sha ruwa kuma ta zame ta ciki. Katako ɗaya ake cirewa, a jira kwana biyu. Ya lissafa kwanakin da yatsu, ya ɓata fuska.

Haka muka yi. Na fasa simintin, na shimfiɗa yashi, na bi shi da tsakuwa, shi yana riƙe da lema yana ba da umarnin da babu mai ji. Kifinsa ya bi mafita ya gangara rafi, matan unguwa suka tare da kwanduna. Mako guda ana suya a layin, kowane gida kuma sai ya aika masa da nasa a ɗakin baƙi, ana yi masa sannu da zama.

Rana ta tara ruwan gindin ganuwar ya fito garai. Akawu ya naɗe shimfiɗarsa, ya tsuguna a ƙofar Inna yana neman izinin komawa gida.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ka ɗebe mini kewa. Ka gaida gida. Shimfiɗar kuwa bar ta nan, baɗi ma akwai damina."