Agogon da ke Bayan Auta

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin tela da mai sayar da katin waya. Duk layin Baba Mai Agogo ake ce masa. Kowa ya san halinsa: ba ya yarda da abin da bai buɗe ya ga cikinsa ba. In ka ce masa agogonka haka kawai ya tsaya, sai ya kai shi hanci ya shinshina, ya ce, "Ruwa ya sha. Faɗi gaskiya."

'Ya'yansa huɗu, uku sun yi aure, saura Auta da ke shekara ta biyu a jami'a. Ita ce ta zo masa da takarda wata Asabar, ta ce wata ƙungiya za ta kai ɗalibai ƙasar waje su koyar na wata uku, aikin sa kai.

"Sa kai a ina? A bakin kura?"

"Baba, koyarwa ce fa. Har masauki za su ba mu."

"Wanda ya ba ka masauki shi ke riƙe da makulli."

Ran Litinin ya rufe shago, abin da ba ya yi ko da zazzaɓi, ya tafi ofishin ƙungiyar. Ɗaki ɗaya ne, kujera uku, taswira a bango, sai wata mata mai yawan murmushi. Murmushin ne ma bai yi masa ba. Ya goga yatsa a bango ya ji ko fentin jiya ne. Ya ja mai gadi gefe, mai gadi ya ce shekararsu shida a nan. Ya dawo gida yana cewa an saye mai gadin.

"Malam," in ji matarsa, "kai ko inuwarka sai ka tambaye ta wa ya aiko ta. Bar yarinya ta tafi."

Ya bari, amma da sharaɗin hoto kowane mako.

Hoton farko ya zo, Auta tsaye tana dariya, alli a hannu. Na biyu haka, na uku haka. Uwar ta kai wa maƙwabta suka yi ta sa albarka. Shi kuwa ba fuskar yake kallo ba. Ya buɗa hoton da yatsu biyu har ya cika wayar. A bangon da ke bayanta akwai agogo, kuma a duka hotunan ƙarfe huɗu da minti goma yake nunawa. A gefe ga wani abu kamar bakin buhu. Yaro ko ɗaya babu.

Kwana biyu bai gyara komai ba. Tela ya leƙo ya tarar da shi ya zuba wa waya ido, shayinsa ya huce. Rana ta uku ya kira ta.

"Auta, wace makaranta ce za ta bar agogonta a mace mako uku? Da me suke buga ƙararrawa? Juya wayar nan in ga ɗakin."

Ta juya wayar. Sito ne. Buhuna har rufi, ga sikeli, ga wasu mata tara zaune a kan akwatuna, kowace da littafi a cinya.

Sai ta faɗa masa. Makarantar da aka tura ta rufinta ya rufta kafin ta iso, aka raba yaran zuwa wasu wurare. Ƙungiyar ta ce ta dawo gida. A gidan da ta sauka, tsohuwar da ke da siton ta ce matan da ke yi mata tsintar wake ba su iya ko rubuta sunansu ba, in za ta iya da manya, ga ɗaki. Shi ne ta zauna.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da ka ce ka faɗa."

"Ai na faɗa!" Ya sa aka kira masa tsohuwar. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Suka yi ta kallon kallo, ita ma ta haɗe rai tana auna shi. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali, wai mai mugun nufi da ta yi masa fara'a. Duk da haka ya mai da kiran kullum, har ranar da Auta ta sauko daga jirgi, ta rame, ta yi duhu, baki ba ya rufuwa don labari.

Bayan wata biyar wasiƙa ta zo, da sunansa a kai, layi uku na Turanci a karkace. Ɗaya daga cikin matan ce ke gode masa da ya ara musu 'yarsa. Ya juya ta gaba da baya.

"Ke kika rubuta kika ba su su kwafa."

"Baba, dubi kurakuran."

Da ɗan Turancinsa na firamare ya bi ta kalma kalma, ya samo kuskure huɗu, har da harafi ɗaya da ya juya baya.

"To," ya ce. "Wannan kam ba aikinki ba ne."

Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce ta miƙo masa hularsa, zai je ya nuna wa tela.