Ƙwai Huɗu a Tukunya Ɗaya

A Kwarbai in ka tambayi Malam Sharfaddeen mai ɗinki sai an tsaya tunani, don masu zare da allura a unguwar sun fi a ƙirga. Amma ka ce mai tantabaru, nan take za a nuna maka ƙofa. Shekara arba'in yana zaune a zaure yana yi wa manyan riguna aiki, kunnensa kuwa yana can saman soro, inda mahaifinsa ya jera tsofaffin tukwane ya bar masa jajayen tantabaru masu farar wutsiya, irin da babu a gidan kowa cikin ganuwa.

A da sun haura ɗari. Bana da ya ƙirga ashirin da shida ya samu, ya sake ƙirgawa ko idonsa ne, suka ƙi ƙaruwa. Tsoro ya kama shi sosai, kada irin mahaifinsa ya ƙare a hannunsa.

Ba abin da bai gwada ba. Muzurun maƙwabta ya sha jifa ba gaira ba dalili. Ya kafa wa ɓera tarko, ya bar dawa ya koma gero, ya jiƙa musu kanwa, ya babbake tukwane da kara ko ƙuma ce. Ya yi ta gadin shaho da rana tsaka har matarsa Radiya ta ce in ya faɗo daga tsani kada ya kira sunanta. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ƙwai ba su ragu ba. Wata tukunyar ma huɗu yake tararwa maimakon biyu, ya yi ta hamdala, a kwanta musu kwana ashirin, su tashi baragurbi.

Da abin ya ishe shi, har ya fara karkata layin ɗinki, sai ya haɗiye girman kai ya kira Bahago, wani tsoho mai sayar da tsuntsaye a kasuwa. Bahago ya hau yana nishi, ya leƙa tukunya uku, ya zauna a bakin soro.

"Malam, ina mazan?"

"Wane maza?"

"Tantabara ƙwai biyu take yi. In ka ga huɗu, mata biyu ne suka rasa namiji suka haɗa gida. Su shekara a kai ba abin da zai fito. Namiji ɗaya nake gani nan, shi ma ya tsufa tukuf. In ka tashi kyauta, wanne kake ɗauka?"

Duk wanda ya tashi daga jinya a unguwar, da duk mai jego, a gidan Malam ake karɓar ɗan shila a yi musu farfesu. Kuma a gidansu ba a kyauta da ƙarami. In 'yan shila biyu ne a tukunya, babban ake miƙawa, haka ya ga ana yi.

"To babban nan galibi shi ne namijin," in ji Bahago. "Da hannunka ka rabar da su, Malam. In Allah Ya ba ka wani, ka riƙe shi."

Aka yi sa'a tukunyar tsohon namijin ta ƙyanƙyashe biyu. Malam ya riƙa hawa sau biyar a yini, gwiwa na ƙara, yana duban babban kamar jinjiri. Sati uku ke nan sai ga sallamar Ƙasimu, ɗan amininsa marigayi. An sallamo mahaifiyarsa daga asibiti, ba ta iya cin komai.

Malam ya hau. Ya ɗauki babban, ya ji nauyinsa da ɗuminsa a tafin hannu, ya daɗe a tsugune. Sannan ya mayar, ya ɗauko ƙaramar, wadda gashinta bai ma gama rufe ƙirji ba.

"Ga shi, Ƙasimu. A gaishe ta, Allah Ya ƙara sauƙi."

"Amin, Baba, mun gode."

Ƙasimu ya juya 'yar shilar a hannu, ya ɗan saci kallon ɗaya hannun Malam, ya fita. Kunya ta rufe Malam Sharfaddeen har ya kasa zura zare a allura. Ran nan a cikin gida ya yi la'asar.