Goron Dangin Uwa

Shekarun baya, lokacin da aka sa ranar aurena, na faɗa wa mahaifiyata wata magana da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Amma kafin in zo kan nawa laifin, bari in fara da na gwaggona, don ita ma ban gama huce mata ba.

Mahaifiyata Baturiya ce, 'yar ƙasar Sweden. Babanmu ya je can karatun likitan dabbobi, ya dawo da takarda da mata. Ta musulunta, ta tare a unguwar Dogo Nini da ke Potiskum, ta koyi Hausa da tuƙin tuwo a lokaci guda. Daga baya ta buɗe ƙaramar masana'antar yogot a bayan gidanmu, kullum da safe matan Fulani na sauke mata madara daga rugagen hanyar Gadaka. Da wannan sana'ar ta riƙe ni da ƙannena biyu bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da ɗoriya tana Potiskum, amma a bakin dangin Baba sunanta bai wuce "Baturiyar nan" ba. Ko sadakar arba'in ba a yi ba suka fara tambayarta yaushe za ta koma gida.

To, ranar da aka kawo kayan sa-rana, goro da alewa da dabino, mata suka cika tsakar gidanmu. Kun san yadda ake yi, kashi biyu ake rabawa, ɗaya na dangin uba, ɗaya na dangin uwa, kuma duk wanda goron ya shiga hannunsa bikin ya zama nasa. Sai gwaggona, yayar Baba, ta jawo kayan gabanta ta ce, "A haɗe shi wuri ɗaya kawai. Wane dangin uwa kuma? Sai dai in a jirgi za mu sa goron a kai musu."

Aka kwashe da dariya. Mama na tsaye a bakin ƙofa da tiren abincin da ta wuni tana dafa musu.

Wallahi har yanzu raina na ɓaci. Kakanmu da Gwaggo take taƙama da shi, a kan jaki ya shigo garin nan daga Borno, ba wanda ya ce masa ya koma. Matar da ta yi wa Gwaggo jinyar ƙaninta wata takwas ba ta taɓa ɓata fuska ba, ita aka mayar abin dariya a tsakar gidanta. Ni kuwa me na yi? Na sunkuyar da kai na yi murmushi, wai ni amarya mai kunya.

Mama ta ajiye tiren ta ce, "Yaya, a raba biyu. Ina da mutane." Gwaggo ta taɓe baki ta tura mata rabin.

Washegari da safe na leƙa baya, na tarar da ita tana ƙulla goron a leda, duk macen da ta sauke madara sai ta miƙa mata ƙulli ɗaya, ta faɗa mata ranar biki. Nan take kaina ya ɗau zafi. Ni da na kama ɗakin taro, na fitar wa ƙawayena na jami'a ankon leshi, na gama tsara yadda hotuna za su fito? Na jira ta shiga ɗakin wanke bokitai na bi ta.

Na ce, "Mama, masu kawo miki madara ne fa, ba danginki ba. So kike a ƙara yi mana dariya?"

Hannunta bai daina wanke bokitan ba. Ta ce, "Da na haife ki, gwaggonki ta ce Turawa ba sa wankan jego, a ƙyale ni. Uwata tana can, ko waya ba mu da ita. Kina kuka, ina kuka. Dada ta kawo madara ta same mu haka." Dada ita ce tsohuwar cikin matan, haka duk muka taso muna kiranta. "Ta bar rugarta ta zauna a ɗakina kwana arba'in. Ita ke dafa ruwa ta yi mini wanka da ganyen darbejiya, ta dama mini kunun kanwa. Ita ta gasa miki cibiya. Ki faɗa mini, wa zan ba goron?"

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa, da digirina da komai, sai na ce, "To ki ce musu su yi wanka kafin su zo, kada su cika mini wuri da warin man shanu."

Mama ta ɗago ta dube ni. Idanunta suka yi ja, ta ci gaba da wanke-wankenta. Na fita ina cika ina batsewa, kamar ni aka yi wa laifi.

Ranar kai amarya Mama ta zauna a gida, tunda uwa ba ta raka 'yarta. Ina lulluɓe a gaban dangin miji, sai wata dattijuwa daga cikinsu ta ce, "Mun ga dangin uba. Ina dangin uwa? Su matso a damƙa amana."

Gwaggo ta gyara murya ta fara, "Ai kin san ita uwar tata..."

"Mu ne."

Ta ƙasan mayafi na hango ƙafafu suna matsowa daga baya. Mata goma sha huɗu, duk cikin atamfa iri ɗaya da suka yanka da kansu, ba wanda ya fitar musu da anko. Dada ce a gaba. Ta kama hannuna ta sa a na dattijuwar ta ce, "Ni na yi wa uwarta jego. A hannuna cibiyar yarinyar nan ta faɗi. Ga ta nan, amana ce. In ta yi laifi ku aiko mini hanyar Gadaka, ba sai kun nemi jirgi ba."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Gwaggo ta shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Har na fara jin daɗi, wai an rama wa Mama. Sai Dada ta sunkuyo kamar za ta gyara mini mayafi, ta ce a kunnena, "Mun yi wanka, 'yata."

Ashe ran nan tana bayan ƙofa ana auna madararta, ta ji komai. Na fashe da kuka, mata na cewa a rarrashi amarya, kewar gida ce.

Mama na nan da ranta, har yau da safe ana sauke mata madara. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Dada kuwa na yi ta cewa sai na samu lokaci in je har ruga in durƙusa mata. Ina cikin neman lokacin ta rasu, shekara biyu bayan bikin.

Gwaggo har gobe "Baturiyar nan" take cewa, kuma duk ranar da na ji sai mun yi. Amma in na dawo gida na zauna, fushin kaina yake dawowa. Ita Gwaggo ba a hannun Dada cibiyarta ta faɗi ba. Tawa ce ta faɗi.