Motar Alhaji Bube a Ƙarƙashin Darbejiya

Ban taɓa mantawa da ranar da aka damƙa mini makullin mota sabuwa fil ba. Shekara talatin ina tuƙi, amma duk motar da ta zo hannuna sai na tarar wani ya riga ya ci ƙuruciyarta. A lokacin ni ne babban direban wata ƙungiyar manoman shinkafa a Talata Mafara, saura shekara ɗaya in ajiye aiki.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, mota ɗaya ƙungiyar take da ita. Ita ke kai malaman gona ƙauyuka, ita ke ɗauko iri, kuma idan naƙuda ta yi wa matar wani manomi tsanani, ita ake kira. In za a sayi wata, kwamiti ne ke yanke hukunci, amma ba ya zama sai babban direba ya gwada motar ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu.

Tsohuwar motarmu ta gaji. Wakilin wani kamfani ya kawo mana sabuwa, farashinta daidai da na ta hannu, 'yar Kwatano, irin wadda muka saba. Sai dai a tasha ana ƙorafi da motocin kamfanin. Wasu na cewa lafiya lau suke, wasu na cewa haka kawai suke mutuwa a hanya.

Da hantsi na fita gwaji, tsakiyar damina, na kama hanyar Bakura har Birnin Tudu. Abin da ya fara kama ni shi ne shirun. Babu ƙarar ƙarfe, babu jijjiga, kamar kwale-kwale a ruwa mai kwanciya. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, balbelu na tashi a hankali. Na samu kaina ina ƙirƙirar tafiye-tafiyen da ba wanda ya aike ni. Na ga kaina ranar sallama da aiki ina shigowa ofis cikinta da farar riga wadda baƙin mai bai taɓa ba. Na ga mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa yana kora jakuna zuwa kasuwa, zaune a gefena yana shafa kujera. Kafin in dawo gari na riga na sa hannu a zuciyata.

Bakanikenmu, Malam Ɗahiru, ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali. Ya ce wannan ta fi ƙarfin sifanarsa, amma in je Morai in ga wani dillalin shanu, Alhaji Bube, yana da irinta.

Washegari na tafi. Na tarar da motar a ƙarƙashin darbejiya tana sheƙi, amma ciyawa ta tsiro kewaye da tayoyinta. Mun daɗe muna gaisawa, aka tambayi gida da iyali da damina da dabbobi. Maimakon tabarma, sai Alhaji ya buɗe mini ƙofa ya ce mu zauna ciki.

Ya gaya mini wata bakwai ya yi yana jin daɗinta, sai wata rana ƙwaƙwalwar injin ta ɗauke a hanyar kasuwa. Wata huɗu ke nan ana jiran a turo wata daga waje. Duk da haka kullum da safe yana wanke ta da kansa, bayan la'asar kuma ya shigo ya zauna. Ya ɗora hannu kan sitiyari yana ba ni labarin inda za shi in ta tashi: Maradun wajen ƙanwarsa, daga nan Faru inda shanunsa ke kiwo. Yana faɗar kowace kwana da kowace gada, har na ji kamar muna tafiya. Ganyen darbejiya na saukowa kan gilashi, mu biyu tsofaffi muna yawo a mota tsaye.

Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce ko kusa.

Na ce, "To Alhaji, in saya wa ƙungiya?"

Ya ce, "Malam, ni ran da wagga mota ta tsaya, ciniki kaɗai ya wuce ni. Kai wa kake ɗauka a baya?"

A zaman kwamiti, shugaba, wanda shi ma motar ta shiga ransa, ya tambaye ni ko na ga wani aibi a gwajin. Na ce ranka ya daɗe, ko ɗaya. Ya ce to me ya hana? Na karanta abin da na rubuta: mota ce mai daɗi, amma babu mai gyaranta ko kayanta a kusa, mu kuma ba mu da ta biyu. Ransa bai so ba, ni ma haka. Aka sayi 'yar Kwatano.

Bayan girbi kayan gyaran motar Alhaji Bube suka iso. Daga nan motarsa ba ta sake tsayawa ba, har yau tana wuce ni a hanya yana ɗaga mini hannu. Tamu kuwa tana zuwa gareji lokaci-lokaci, sai dai ba ta taɓa kwana biyu a can ba, domin Malam Ɗahiru ya san cikinta.

Ku da kuke fara wannan aiki, abin da na koya shi ne gwajin rana ɗaya yana nuna maka yadda mota ke tafiya ne kawai. Ku nemi wanda ta taɓa tsaya masa, ku zauna da shi, zai gaya muku gaskiya ko da yana son ta. Wataƙila da mun sayi sabuwar da ba abin da ya faru. Amma da za a sake miƙo mini takardar, abin da na rubuta shi zan sake rubutawa.